Sifikar Jita Mai Ƙaramin Maganaɗisu: Kaya Ya Yi Sauƙi, To Yaya Batun Sauti?

Duk wanda ya taɓa raka matasanmu mawaƙa zuwa wani taro a wajen gari ya san cewa kafin maƙogwaro ya gaji, kafaɗa da ƙugu sun riga sun gaji. Da sassafe za ka gan su a bakin titi a Ƙaura Namoda suna ciniki da ɗan kabu-kabu, ga jita a rataye, ga ganga a gefe, ga kuma babban baƙin akwatin nan na amfilifaya wanda sai mutum biyu sun kama kafin ya hau babur. In an ɗora shi sai a ɗaure da roba, wani yaro ya zauna a baya ya rungume shi kamar jinjiri. In kuwa mota za a shiga, direba yakan dubi akwatin ya ce sai an biya masa kuɗin kujera guda.

A garuruwa irin su Ƙaura Namoda da Shinkafi da Zurmi taron masu bi ba shi da yawa, aljihunsu kuma ba shi da zurfi. Saboda haka amfilifaya guda ɗaya ita ce ta sujadar Lahadi, ita ce ta ɗaurin aure, ita ce ta taron Zumuntar Mata, ita ce ta bikin godiya da na Kirsimeti, har ma a ba maƙwabciyar ikilisiya aro. Kayan da ake yawo da su haka, nauyinsu ba ƙaramar magana ba ce.

A zamanin da, jirgin ƙasa ne ke ɗaukar manyan kaya a wannan yanki, tun da layin dogo ya taso daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya iso Ƙaura Namoda a shekarar 1929. Yau kam mota da babur ne abin dogaro. Kuma kowa ya san halin da hanyoyinmu ke ciki saboda 'yan bindiga, ko hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi, ko wadda ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya. Ba wanda yake so rana ta faɗi yana kan hanya. Mun ga yadda a shekarar 2021 gwamnatin Jihar Zamfara ta rufe kasuwannin mako-mako, ta taƙaita zirga-zirgar babura, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya na wani lokaci. Sa'an nan a watan Mayu na 2023 aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota ya yi tashin gwauron zabi. A irin wannan hali, kayan da za a kwance a ɗaure cikin minti biyar, babur ɗaya ya ɗauka, sun fi waɗanda za a tsaya neman mota dominsu.

Wannan ne ya sa a 'yan shekarun nan makaɗa jita a ikilisiyoyinmu suka fara kawo wa dattawa maganar wata irin sifika da suke kira "niyo", wato mai maganaɗisun niyodimiyam. Suna cewa ba ta kai rabin nauyin wadda muka saba da ita ba. Dattawa kuwa, da ma'aji musamman, tambayoyinsu uku ne: gaskiya ne nauyin ya ragu haka? Sautin bai lalace ba? Kuma za ta jure zafinmu? Tunda kuɗin baiko ne za a kashe, tambayoyin sun cancanci amsa a tsanake.

ABIN DA KE CIKIN AKWATIN

Bari mu fara buɗe bayan akwatin mu duba. Sifika abubuwa uku ne manya. Akwai takardar nan mai siffar mazurari wadda take kaɗa iska. Akwai siririyar wayar tagulla da aka naɗa a gindin takardar, wadda masu gyara ke kira koyil. Sai kuma maganaɗisu, ko mayen ƙarfe, wanda yake manne a baya. Koyil ɗin yana zaune ne cikin wani ɗan siririn rami da ƙarfin maganaɗisu ya cika. Idan mai kiɗa ya taɓa tsirkiya, amfilifaya sai ta ƙara wa wannan motsi ƙarfi ta aika shi cikin koyil a matsayin wutar lantarki. Wutar da maganaɗisun sai su riƙa turo juna da jawo juna, koyil ya yi gaba ya yi baya, takarda ta bi shi, iska ta kaɗa, kunne ya ji sauti.

Wannan tsari ba sabo ba ne. Wasu injiniyoyi biyu na kamfanin General Electric a Amurka, Chester Rice da Edward Kellogg, su ne suka bayyana shi a shekarar 1925, kuma har yau shi ake bi. Abin da ya yi ta canzawa shi ne irin maganaɗisun da ake sawa a baya, shi ne kuma abin da ya fi kome nauyi a jikin sifika.

MAGANAƊISU IRI UKU

Na farko shi ne alniko, gamin alminiyam da nikel da kobalt da baƙin ƙarfe, wanda aka fara samarwa a Japan a farkon shekarun 1930. Shi ne a cikin sifikun jita na shekarun 1950, har yau kuma akwai makaɗan da ke son taushin sautinsa. Matsalarsa tsada, domin kobalt. Abin ya ƙara muni a shekarar 1978 lokacin da yaƙi ya ɓarke a lardin Shaba na ƙasar Zayar, wadda yanzu ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, inda ake haƙo mafi yawan kobalt na duniya. Farashi ya ninka sau da yawa, sauran kamfanonin sifika da suka rage a kan alniko suka yi ta barinsa.

Na biyu shi ne feraiti, wanda wasu ke kira siramik. Shi ne baƙin zoben nan mai kauri da kowa ya sani, wanda yara ke cirewa daga mataccen rediyo suna jan ƙusa da shi. Ana yin sa da garin tsatsar ƙarfe a gama da wani ma'adini a gasa kamar tukunya. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ne ya fito da shi kasuwa a farkon shekarun 1950, kuma tun shekarun 1960 masu ƙera sifikar jita suka rungume shi. Yana da araha, ba ya tsatsa, amma ƙarfinsa kaɗan ne, don haka sai an sa babba kafin ya yi aiki. Daga nan nauyin yake fitowa.

Na uku shi ne wanda muke magana a kai. Niyodimiyam wani ƙarfe ne da masanin nan na ƙasar Ostiriya, Carl Auer von Welsbach, ya gano a birnin Biyana a shekarar 1885. Ya ɗauki kusan shekara ɗari kafin a san babban amfaninsa. Tsakanin 1982 da 1984 ne Masato Sagawa na kamfanin Sumitomo a Japan, da John Croat na kamfanin General Motors a Amurka, kowa a nasa gefen, suka gano cewa in aka gama niyodimiyam da baƙin ƙarfe da ɗan boron, ana samun maganaɗisun da ya fi duk waɗanda ake sayarwa ƙarfi. Abin da ya tura su binciken ma shi ne neman kauce wa tsadar kobalt. In aka ɗauki gunduwa biyu masu girma ɗaya, ta niyodimiyam tana ɗauke da ƙarfin da ya kai kamar ninki goma na ta feraiti. Mai karatu, kada ka ɗauka baƙon abu ne a gare ka: 'yar sifikar da ke cikin wayar hannunka da abin sauraron da kake toshewa a kunne, galibinsu da shi aka yi su.

A KAN SIKELI

To, mu ɗora su a sikeli. Kamfanin Celestion na Ingila yana cikin tsofaffin masu ƙera sifikar jita. Sanannen samfurinsa mai inci 12 da ake kira Vintage 30, wanda ya fito a 1986 da maganaɗisun feraiti, nauyinsa kilo 4.7 ne. Wani samfurin kamfanin mai suna G12M-65 Creamback, shi ma feraiti, kilo 3.6. Wanda suka yi da niyodimiyam kuwa, Neo Creamback, mai faɗi iri ɗaya, kilo 1.9 ne kacal. Wato in ka cire Vintage 30 ka sa Neo Creamback, ka sauke kilo 2.8. In akwatin mai sifika biyu ne, kilo 5.6. In mai huɗu ne, ka sauke sama da kilo 11, wanda ya fi nauyin jarkar ruwa mai lita goma. Wanda ya taɓa hawa matakala da irin wannan akwati ya san darajar kilo 11.

Amma a nan ne ya kamata mu yi hattara da lissafi, domin sifika ba ita kaɗai ce mai nauyi ba. Ga misali. Amfilifayar Fender Twin Reverb irin ta da, mai aiki da kwalaben wuta, nauyinta kusan kilo 29 ne. A shekarar 2019 kamfanin ya fito da wata mai kama da ita, Tone Master Twin Reverb, mai nauyin kilo 15. Gaskiya ne an sa mata sifiku biyu na niyodimiyam na kamfanin Jensen. Amma daga cikin kilo 14 da aka rage, rabon sifikun bai kai rabi ba. Sauran ya fito ne daga cire manyan taransifomomi na ƙarfe da tagulla aka sa ƙananan na'urorin zamani, da kuma yin akwatin da katako marar nauyi.

Darasin da ke nan a fili yake. In amfilifayar ikilisiyarku mai sifika ɗaya ce, nauyinta kilo 20, kuka canza sifikar, za ta koma kamar kilo 17 ko 18. An samu sauƙi, amma har yanzu kaya ne. In kuwa akwatin an yi shi da katakon nan na garin itace da aka matse, wanda yake da nauyi kuma yake kumbura in ya sha ruwan damina, wataƙila kafinta ya fi sabuwar sifika rage muku nauyi, in ya sake muku akwati da filawud mai kyau daidai da awon na farko.

BATUN SAUTI

Nan ne gardama take. Lokacin da sifikun niyodimiyam na jita suka fara fitowa, makaɗa da yawa a Turai da Amurka sun yi kukan cewa sautinsu yana da tsini, yana soka kunne, ba shi da ɗumin da aka saba ji. Wannan suna ya bi su har yau, har ya iso wurin matasanmu. Wasu kuma suna yaba su da cewa sautinsu a wanke yake, kowace tsirkiya tana fita daban.

Abin da ya kamata a fahimta shi ne, koyil bai san sunan ƙarfen da ke bayansa ba. Abin da ya sani shi ne yawan ƙarfin da ke cikin ramin da yake zaune. In maƙeri ya so, zai iya auna ƙaramin niyodimiyam ya ba da ƙarfi daidai da na babban feraiti. In ya cika ƙarfin da yawa, maganaɗisu zai riƙe takardar kam, sautin ƙasa ya tsuke, na sama ya fito fili, shi ne tsinin da aka yi kuka da shi. Masu ƙira sun koyi darasi, samfuran baya-bayan nan an yi su ne da nufin su yi kama da tsofaffin. Akwai 'yan bambance-bambance da suka rage, misali niyodimiyam yana bari wutar lantarki ta bi jikinsa alhali feraiti ba ya bari, wannan kuwa yana ɗan taɓa yadda sifika ke amsawa in an matsa mata. Amma ƙarami ne in aka gwada da sauran abubuwa.

Abubuwan da suka fi maganaɗisu iko a kan sauti su ne irin takardar da kaurinta, da girman koyil, da 'yar hular da ke tsakiyar takardar, da taushin gefenta, da kuma akwatin, ko bayansa a buɗe yake ko a rufe. Sifiku biyu na feraiti daga kamfani ɗaya suna iya bambanta da juna fiye da yadda na niyodimiyam zai bambanta da ɗan'uwansa na feraiti. Sai kuma ɗakin kansa. Majami'a mai rufin kwano ba silin, da daɓen siminti da bango sumul, tana mayar da sautin sama da ƙarfi, har sifika mai taushi ma ta zama mai tsini. A fili kuwa, ƙarƙashin rumfa, sautin ƙasa ne yake ɓacewa. Haka kuma sabuwar sifika kowace iri ce takan zo a sandare, sai ta yi wasu awoyi tana aiki kafin ta saki jiki, kamar sabon takalmi. Kada a yanke mata hukunci a Lahadin farko.

Akwai wata lamba da muke so ma'aji ya koyi dubawa, ita ce ta desibel, wadda ke nuna yawan ƙarar da sifika ke bayarwa in an ba ta wat ɗaya na wuta. Vintage 30 tana ba da desibel 100, Neo Creamback tana ba da 97. Ukun nan da ke tsakani kamar ba kome ba ne, amma ma'anarsa ita ce mai 97 tana bukatar wuta ninki biyu kafin ta kai ƙarar mai 100. Wato sauƙin nauyi ba lalle ne ya zo da ƙarin ƙara ba. Akwai na niyodimiyam masu babbar lamba, akwai masu ƙarama, sai an duba takardar kowanne. Ga ikilisiyar da ke dogara da ƙaramin janareta ko batirin hasken rana, wannan lamba ta fi lambar wat da ake rubutawa da manyan baƙaƙe a jikin kwali muhimmanci. Lambar wat tana faɗin iyakar wutar da sifika za ta jure ne kafin ta ƙone. Mu kuma tuna cewa muna zaune ne cikin maƙwabta, abin da muke nema shi ne na bencin baya ya ji kalmomin waƙa sarai, ba wai unguwa ta hana barci ba.

ZAFI DA ƘURA

Ga tambayar da masu rubuta tallar waɗannan kaya a ƙasashen sanyi ba su cika damuwa da ita ba, alhali mu ita ce babba. Sifika ba ta mayar da wutar da aka ba ta sauti duka. Fiye da kashi 90 cikin 100 zafi yake zama a cikin koyil, zafin kuma ya ratsa zuwa maganaɗisu. Babban zoben feraiti yana da jikin da zai shanye zafin a hankali. In ya yi zafi ƙarfinsa yakan ɗan ragu, in ya huce ya dawo. Abin da feraiti ke tsoro shi ne tsananin sanyi irin na ƙanƙara, wanda ba mu da shi ko a tsakiyar hunturu.

Niyodimiyam kuwa akasin haka ne. Mai arahar cikinsa yana fara rasa ƙarfi in zafinsa ya wuce kamar digiri 80 a ma'aunin Salshiyas, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa ko da ya huce. Akwai masu daraja waɗanda aka ƙara wa wani ƙarfe mai suna disfurosiyam, suna jure digiri 120, ko 150, har 180 da ɗoriya, amma sun fi tsada. Kamfanonin kirki suna amfani da irin waɗannan, suna kuma sa wa bayan sifikar wasu haƙarƙarin alminiyam masu zubar da zafi. Mai yin na jabu ba zai gaya maka wane iri ya sa ba, ido kuma ba ya bambanta su.

Yanzu mu dubi namu yanayi. Daga watan Maris zuwa Mayu zafin inuwa a arewacin Zamfara yakan wuce digiri 40. Baƙin akwati da aka bari a rana, ko cikin but ɗin mota a tasha, zafinsa yana wuce haka nesa. In aka sauke shi a haka aka kunna nan take, aka ƙure ƙara na awa uku a taron farkawa ƙarƙashin kwano, an haɗa zafi biyu ke nan. Sifikar da maganaɗisunta ya raunana ba ta mutuwa farat ɗaya. Sai dai a ga ƙararta tana raguwa, sautin ƙasa ya zama laɓo-laɓo, mai kiɗa ya ƙara murɗa maɓalli, zafi ya ƙaru, har koyil ya ƙone.

Nan kuma batun gyara ya shigo. Masu gyaran rediyo a Gusau da Ƙaura sun iya sake naɗa koyil, sun iya canza takarda. Amma mayar wa maganaɗisun niyodimiyam ƙarfinsa sai da babbar na'ura irin ta masana'anta. In ya tafi, sifikar ta tafi. Bugu da ƙari yana tsatsa, shi ya sa ake lulluɓe shi da nikel. In lulluɓin ya kwarzane, laimar damina ta shiga, sai ya fara zama gari. Ƙurar hunturu kuwa abokiyar gabar kowace sifika ce, domin tana ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe da maganaɗisu ke ja zuwa cikin ramin koyil, har a fara jin ƙarar goga. Rigar yadi mai kauri da tela zai ɗinka wa akwatin tana maganin wannan.

Wani gargaɗi ga iyaye da malaman makarantar Lahadi: kada a bar wa yara maganaɗisun niyodimiyam su yi wasa da shi kamar yadda suka saba da na tsohon rediyo. Yana fizgar ƙarfe da ƙarfin da zai matse yatsa ya fasa fata, yana kuma fashewa ya yi tsini. In yaro ya haɗiye ƙanana guda biyu, suna iya manne wa juna ta cikin hanji su huda shi. Wannan maganar asibiti ce ba tare da jinkiri ba.

DALILIN TSADARSA

Niyodimiyam yana cikin wasu ƙarafa 17 da ake kira ma'adinai masu wuyar samu. Ba wai sun yi ƙaranci a ƙasa ba ne, raba su da juna ne yake da wuya da tsada da ɓata muhalli. Ƙasar Sin ce ta riƙe wannan sana'a: babbar mahaƙarta tana Bayan Obo a yankin Mongoliya ta Ciki, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na irin wannan maganaɗisu a duniya can ake yin sa. A shekarar 2010 Sin ta rage yawan abin da take fitarwa, a 2011 farashin niyodimiyam ya ninka sau da yawa, kamfanonin sifika suka ƙara kuɗi, wasu suka dakatar da samfuransu na niyodimiyam na wani lokaci. A watan Afrilu na 2025 kuma Sin ta sa dokar neman izini kafin a fitar da wasu daga cikin waɗannan ƙarafa, har da disfurosiyam ɗin nan mai sa maganaɗisu ya jure zafi. Ga shi kuma masu ƙera motocin lantarki da manyan fankokin samar da wuta daga iska duk shi suke nema. Mai sifikar jita ƙaramin mai ciniki ne a wannan kasuwa, ba shi ke yanka farashi ba. In aka haɗa da faɗuwar darajar Naira tun 2023, sai a gane dalilin da ya sa sifika ta gaske take da tsada a Sabon Garin Kano ko Alaba ta Legas.

Abin mamaki shi ne ƙasarmu ma tana da wannan ƙarfe. A cikin tarin yashin da masu haƙar kuza suka bari a tsaunukan Jos akwai ma'adinin monazayit, wanda yake ɗauke da niyodimiyam. Sai dai yana ɗauke da toriyam kuma, mai fitar da tururin da ke cutar da jiki, don haka ba abin tarawa a tsakar gida ba ne. Tsakanin wannan yashi da maganaɗisun da ke bayan sifika akwai masana'antu da yawa da ba mu gina ba tukuna.

KAFIN A TAƁA KUƊIN BAIKO

Shawararmu ga kwamitin ikilisiya ita ce a fara da tambayar sau nawa amfilifayar ke barin majami'a. In tana zaune wuri ɗaya shekara da shekaru, sautinta kuma lafiya, a bar ta. Da tsohuwar zuma ake magani, feraiti kuma ya fi dacewa da zafinmu da aljihunmu da masu gyaranmu. A kashe kuɗin a kan sitabilaiza da wayoyi masu kyau, domin wutar da ke hawa da sauka ta fi kome kashe mana kaya.

In kuwa kowane mako tana kan babur tsakanin unguwanni da ƙauyuka, ko kuma akwatin mai sifika biyu ne ko huɗu, to niyodimiyam ya cancanci a duba shi. Sai a kiyaye waɗannan abubuwa. A ɗora tsohuwar da sabuwar a sikelin masu hatsi a ga bambancin da ido, gani ya kori ji. A tabbata lambar om ta sabuwar ta yi daidai da ta tsohuwar, 8 ko 16, domin in aka saɓa amfilifaya ce za ta sha wuya. Mai gyara zai iya aunawa da mita: mai om 8 takan nuna tsakanin 6 da 7. A zaɓi wadda lambar wat ɗinta ta ɗara ta amfilifayar sosai, don kada ta riƙa aiki a bakin iyakarta cikin bazara. A saya a wurin wanda aka sani, da rasit, da alkawarin canzawa, domin manna takardar babban kamfani a jikin sifikar banza ba wuya ba ne. In an ga sabuwar "niyo" da arahar da ta wuce hankali, a tuna cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Kada kuma a manta cewa sifikar jita ta jita ce. An yi ta ne don sautin da ke tsakanin kaɗawa kamar 75 zuwa 5,000 a daƙiƙa. Tsirkiyar da ta fi kauri a jita tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa, ta jitar bes kuwa sau 41. In aka jona bes ko kibod a amfilifayar jita aka ƙure, takarda za ta yage ko da wane irin maganaɗisu ne a bayanta.

Gwajin da muka fi amincewa da shi kuwa ba ya bukatar mita. A kawo sifikun biyu cikin majami'ar da za a yi amfani da su, a rufe su da zane yadda ba wanda zai san wacce ce wacce. Mai kiɗa ɗaya, jita ɗaya, waƙa ɗaya daga Littafin Waƙoƙi. A daidaita ƙararsu ta zama ɗaya, domin kunne yakan zaɓi wadda ta fi ƙara ko da ba ta fi daɗi ba. A zaunar da dattawa da iyayenmu mata na Zumunta a bencin baya, a ce su faɗi wadda ta bar muryoyin mawaƙa suka fita. In sun kasa bambantawa, to sikeli da farashi su raba gardama. In sun zaɓi tsohuwar, a saya wa matasa amalanke ko a sa wa akwatin tayoyi da hannuwa biyu masu ƙarfi.

Kowace aka zaɓa, a ajiye ta a inuwa, a bar ta ta huce bayan tafiya kafin a kunna, a rufe ta bayan an tashi, a kuma tashi taro da wuri yadda yaran da ke rungume da akwatin a bayan babur za su isa gida da sauran rana. Allah ya kiyaye mana su a kan hanya.